Cebuano da Quechua ba dangin juna ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a daina haɗa Cebuano da Quechua wuri ɗaya wai don Sifaniyawa sun mulki masu su. Ko kusa ba su da dangantaka. Cebuano yaren Filifin ne, su Cebu da Bohol da Mindanao, aikatau ne ke fara jimla, shi kuwa Quechua yaren mutanen tsohuwar daular Inka ne can tsaunukan Peru da Bolibiya, aikatau sai a ƙarshe, ga ɗafe-ɗafe a bayan kalma ɗaya har ta ɗauke zance guda. Aron kalmomin Sifaniyanci kam duk sun yi, ɗan Cebu ma da uno dos, wato ɗaya biyu na Sifaniyanci, yake lissafin kuɗi a kasuwa. Abin da ke ban mamaki, Peru ta mai da Quechua harshen gwamnati tun 1975 amma Cebuano mai mutum wajen miliyan 20 yana nan bayan Tagalog, yaren da aka gina harshen ƙasa na Filifin a kansa.

Naka, mai karatu daga Zariya.