Masu tara fayafan jaz, a fara gyara allura kafin a bi tambari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da masu tara fayafan garmaho na kiɗan jaz, da kuma waɗanda suka gaji irinsu a akwatunan iyaye suna shirin sake kunna su. Sha'awar faifai ta dawo, kuma abin murna ne. Abin da ke damuna shi ne hirar duk ta koma kan wane ne bugun farko da nawa ake sayar da shi, alhali faifan da aka biya kuɗi mai yawa a kansa ana ɗora shi a kan na'urar da za ta cinye shi cikin 'yan watanni. Faifai ba ya warkewa. Abin da allura ta kankare daga cikin tsaginsa ya tafi ke nan.

A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da dogon faifai mai faɗin inci 12, mai juyi 33 da sulusi a minti. Kafin nan faifai mai juyi 78 ake da shi, wanda mai inci 10 ɗinsa ba ya wuce kamar minti uku a kowace fuska. Sabon ya ba da minti ashirin ko fiye, sai masu busa da masu fiyano suka samu sararin jan zarensu yadda suke yi a gaban jama'a. Shi ya sa jaz na shekarun 1950 da 1960 ya dace da wannan faifai kamar an auna. Amma kiɗa ne mai yawan wuraren shiru. Idan aka bar mai kaɗa bas, wato babban goge mai kaurin sauti, shi kaɗai, ko mai ganga yana shafa fata da burushi, duk ƙurar da ke cikin tsagi sai ta yi magana.

Nauyin da allura ke danna faifai da shi shi ne farko. Yawancin kawunan allura na zamani suna son giram 1.5 zuwa 2.5, kuma kowane kamfani yana rubuta nasa. AT-VM95E na Audio-Technica giram 2 yake so, 2M Red na Ortofon kuwa 1.8. Ga yadda ake saitawa. A tabbatar teburin a daidaice yake da ma'aunin ruwa irin na magina. A mayar da maɓallin da ke hana hannun da ke riƙe da allura zamewa ciki zuwa sifili. A murza dunƙulen ƙarfen da ke bayan hannun har hannun ya tsaya a iska, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. A riƙe dunƙulen, a juya zoben lambobi kaɗai zuwa sifili, sannan a murza su tare zuwa lambar da ake so. Daga nan a sa maɓallin hana zamewa a kan lamba ɗaya da nauyin. Wanda ya samu ƙaramin sikelin allura mai batir ya tabbatar da shi, domin zoben tsohuwar na'ura yakan yi ƙarya.

Mutane da yawa suna rage nauyi da niyyar tausaya wa faifai, kuma wannan kuskure ne mai tsada. Allurar da ta yi sakayau ba ta zama daram a tsagi. Idan mai ƙaho ya ɗaga sauti sai ta riƙa tsalle tana dukan bangon tsagin, tana guntule shi. Ƙarin giram 0.2 bai kai wannan ɓarna ba. A ɗaya gefen kuma akwai 'yan na'urorin nan masu kama da jakar hannu, da lasifika a jikinsu. Galibinsu suna danna faifai da giram biyar ko fiye, ba su da wurin saiti, kuma bakin allurar wasu ba ya wuce awa hamsin. Ba na ba kowa shawarar ɗora faifan da yake so a kansu. Allurar daimon mai sauƙin kuɗi tana yin awa 300 zuwa 500, masu tsada har 1000. Duk na'urar da aka saya ta hannu, a canza allurarta kafin a kunna, domin ba wanda ya san awowin da ta ci.

Idan a cikin gadon akwai fayafai masu nauyi da tauri, masu juyi 78, a ware su. Tsaginsu ya fi faɗi kusan sau uku, suna buƙatar allurarsu ta daban, kuma da wani irin ƙaro aka yi su wanda sinadarin alkohol ke narkarwa.

Sai maganar wuta, wadda ta shafe mu kai tsaye. Wutarmu a Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa bolt 120 mai bugu 60. Taransfoma tana gyara ƙarfin wuta ne kawai, ba ta taɓa bugun. Tsofaffin na'urori da yawa masu bel, wato igiyar robar da ke juya farantin da faifai ke hawa, injinsu da bugun wuta yake auna gudunsa, don haka wadda aka yi wa Amurka idan ta zo nan za ta yi kashi biyar cikin shida na gudun da ya kamata. Saksofon sai ya yi kauri, kiɗan ya yi nauyin jiki, mai shi ya ɗauka haka jaz yake. Gwajin ba ya buƙatar ko kwabo: a manna ɗan tef a bakin farantin, a ƙirga juyi na minti uku cif. Ya kamata a samu 100. Idan aka samu wajen 83, matsalar bugun wuta ce, kuma maganinta canza ɗan gurun da bel ke hawa. Idan 97 ko 98 ne, yawanci bel ne ya saki ko man gindin farantin ya bushe. Ƙaramin janareta ma bugunsa na hawa da sauka, abin da ake ji a fiyano kamar yana rawar sanyi. Na'urori masu sarrafa gudunsu da kansu, irin su Technics SL-1200 MK2 da ta fito a 1979, ba ruwansu da wannan.

Wani abin da ke rikita sababbin shiga shi ne su haɗa komai daidai amma su ji sauti siriri, ba gindi. Dalili shi ne lokacin yanka faifai ana rage sautuka masu kauri a ƙara masu kaifi, bisa ma'aunin RIAA, wato ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, da aka tsayar a 1954, domin tsagi ya yi ƙanƙanta ya ɗauki minti da yawa. Dole a bi ta kafar amfilifaya da aka rubuta wa Phono, ko ta ƙaramin akwati mai wannan aiki, shi zai mayar da sautin yadda yake ya kuma ɗaga shi. Ƙugin da ba ya yankewa kuwa, siririyar waya ta uku da ke fitowa daga na'urar ce ba a ɗaure a kusoshin bayan amfilifaya ba. Kada kuma a ɗora lasifika a kan tebur ɗaya da na'urar.

A lokacin hunturu ƙura ce babbar abokiyar gaba, kuma bushewar iska tana sa faifai ya ɗauki irin wutar nan da ke sa riga tartsatsi, sai ya riƙa jawo ƙurar da kansa. Kafin kowace kunnawa a ɗora burushin faifai a hankali, ya yi juyi biyu ko uku, a janye shi zuwa baki. Allura kuma daga baya zuwa gaba ake share ta, ba a kai-komo. Wanki sosai yana buƙatar tataccen ruwa, domin na famfo da na rijiya suna barin gishiri a tsagi. A nan ina jan kunne: kada a aika yaro sayen ruwan batir, domin wani lokaci mai asid ake ba shi. A nemi tataccen ruwa a kantin magani. Kashi huɗu na ruwa, kashi ɗaya na alkohol ɗin isofurofil, da ɗigo ɗaya ko biyu na sabulun wanke kwano marar turare a cikin lita guda. A shafa da burushi mai laushi ana bin zagayen tsagi, a kiyaye takardar tsakiya, a ɗauraye da tataccen ruwa zalla, a jingine a tsaye ya bushe da kansa. Ba a kunna faifai da danshi, kuma bayan wanki ba a mayar da shi tsohuwar rigar takarda mai ƙura.

Ajiya a tsaye ake yi kamar littattafai, ba a jibge ba, ba kuma a kishingiɗe ba. Faifai ɗaya giram 120 zuwa 140 ne, to a lissafa abin da na ƙasa ke ɗauke da shi idan an tara hamsin. Zafin Maris da Afrilu a ɗakin kwano marar silin, ko awa ɗaya a cikin motar da aka bari a rana, ya isa ya kantarar da shi. A zaɓi ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da bangon da rana ke duka. Da damina a ɗaga su daga ƙasa saboda laima da fumfuna da gara.

Wajen saye, ido da farce sun fi bakin mai sayarwa. A fitar da faifan a karkata shi ga haske mai ƙarfi. Ƙarzanen da farce ya ji, kunne ma zai ji. Tsagin da ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka alama ce ta tsohuwar allura ta bi ta kai, kuma wanki ba ya maganinsa. A dubi kewayen ramin tsakiya: yawan zane-zane a wurin yana nuna yawan kunnawa. In an samu damar saurare, a sa waƙar ƙarshe ta kowace fuska, domin a bakin faifai tsagi yana wuce allura da kusan santimita 50 a daƙiƙa, a kusa da tsakiya kuwa kamar 21, saboda haka nan ɓarna ke fara bayyana. Masu sayarwa ta intanet suna amfani da alamomin NM, VG+, VG da G wajen nuna lafiyar faifai, daga mafi kyau zuwa ƙasa. A kiɗa mai shiru irin wannan, ƙasa da VG+ yakan zama ɓacin rai.

Yanzu ga tambarin da ake ta rububi. Gaskiya ne fayafan Blue Note, kamfanin da Alfred Lion ya kafa a 1939, suna da alamomin da ke nuna shekarunsu. Adireshin da ke kan takardar tsakiya ya tashi daga 767 Lexington zuwa 47 West 63rd, sannan New York USA, kafin sunan Liberty, kamfanin da ya sayi Blue Note, ya bayyana wajen 1966. A filin da ba sauti kusa da takardar ana ganin RVG ko Van Gelder, wato Rudy Van Gelder, injiniyan da ya fara ɗaukar sauti a falon iyayensa a Hackensack kafin ya koma Englewood Cliffs a 1959, duka a jihar New Jersey ta Amurka, da kuma wata 'yar alama mai kama da kunne ta masana'antar buga faifai ta Plastylite. Sanin wannan yana hana a cuce ka. Amma bugun farko da ya sha tsohuwar allura shekara sittin ba zai kai sabon bugu mai tsafta daɗin ji ba. Bugun kamfanonin King da Toshiba na Japan, da jerin Original Jazz Classics na shekarun 1980, da Tone Poet da aka fara a 2019, duk suna da kyau. Ko tsufa ma ba hujjar inganci ba ce: fuskar farko ta Kind of Blue na Miles Davis, na 1959, ta yi shekaru tana fita a bugun sitiriyo, wato mai hanyar sauti biyu, da ɗan saurin da ya wuce ƙa'ida, saboda na'urar ɗaukar ta yi jinkiri, sai a 1992 aka gyara. Rubutun giram 180 a kan kwali ma nauyi kawai yake nufi. Abin tambaya shi ne daga wane tef aka yanka, kuma wa ya yanka.

Fayafan da aka ɗauka kafin 1958 galibi masu hanyar sauti ɗaya ne, wato mono. A guji waɗanda aka rubuta an mayar da su sitiriyo ta hanyar lantarki, domin sautinsu kamar daga cikin randa yake fitowa. Idan amfilifaya tana da maɓallin mono, a danna shi ga irin waɗannan fayafai. Kiɗan a motsin gefe da gefe yake, yawancin ƙaraf-ƙaraf ɗin kuma a motsin sama da ƙasa, don haka maɓallin yana rage shi sosai.

Ga mai neman inda zai fara tarawa, muna da rabonmu a wannan tarihi. Mai ganga Art Blakey ya fitar da The African Beat a Blue Note a 1962 tare da makaɗin Najeriya Solomon Ilori. Yusef Lateef, mai busa saksofon da sarewa, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike kan kiɗan gargajiya, kuma faifansa In Nigeria daga wannan zaman ya fito. Duk wanda ya ci karo da ɗayansu a akwatin gida, ya wanke shi tukuna, ya canza masa riga, ya ƙirga juyin na'urarsa ya ga 100, sannan ya sauke allura.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano