Wasiƙa zuwa ga Kabiru: wayar Ɗanlami ta fara jin Hausa

Assalamu alaikum, aminina Kabiru.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya karatu, yaya zaman Malesiya? Mu nan alhamdulillahi, an gama yankan gero, riɗi ma ya yi kyau bana, sai dai kuɗin taki ya cinye rabin ribar.

Maganar Ɗanlami ce ta zaunar da ni rubuto maka. Ka san tun sanƙarau na 1996 kunnensa ya toshe, yana ɗan shekara huɗu, 'yar maganar da ya fara ma ta gudu. Baba, Allah ya jiƙansa, shi ya dage aka kai shi makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano, can ya iya karatu da rubutu. Amma ita Inna ba ta yi boko ba, maganar hannunta kuma ba ta wuce ta "zo ka ci tuwo" da "je ka ɗebo ruwa" ba.

Watan jiya ɗan Yaya Sa'a ya zo daga Dutse, ya karɓi wayar Ɗanlami ya yi 'yan danne-danne. Ya ce tun 2024 Google suka sa Hausa cikin harsunan da Gboard, wato manhajarsu ta rubutu a waya, ke ji. Ka taɓa alamar makirufo, ka yi magana, rubutu ya fito. Wai ƙirƙirarriyar basira ce: an ɗura wa na'ura muryoyin mutane bila adadin tare da rubutun abin da suka faɗa, har ta koyi haɗa sauti da kalma. Wannan fanninka ne, ba sai na koya wa kifi iyo ba.

Bayan isha'i muka zauna kan tabarma a tsakar gida, na kara wa Inna wayar a baki. Da farko kunya ta hana ta, sai dariya. Can sai ta gyara ɗankwali ta fara ba Ɗanlami labarin daren da zazzaɓin ya kama shi, yadda wuyansa ya sandare, yadda ta goya shi har bakin titi da ƙafa kafin a sami motar Gumel. Ɗanlami ya ƙura wa wayar ido, hasken na dukan fuskarsa, yana bin layi da ɗan yatsa. Wayar ta kuskure kalmomi, sunan ƙauyenmu ma ta mai da shi wani abu daban, amma ya gane. Kabiru, kusan shekara 30 yana gidan nan bai taɓa sanin wannan labarin daga bakinta ba. Ya ajiye wayar ya kama hannunta. Ni dai tashi na yi na leƙa garke, don kada su ga idona.

Ranar Alhamis muka kai ragonsa kasuwar Maigatari, can kuwa wayar ta ba mu kunya. Ga kukan shanu, ga ihun dillalai, ga sabis na zuwa yana ɗaukewa. Ɗanlami ya jefa ta aljihu, ya ƙare cinikinsa da yatsu kamar yadda ya saba, kuma bai faɗi ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne hanyar ɗaya ce. Wayar tana jin bakinmu, ba ta ganin hannunsa. Da ya so mayar wa Inna amsa, sai da ya rubuta na karanta mata. Shi kuwa asalin harshensa hannu ne, in yana ba da labari da abokansa har ka ji kishi don saurin da suke. Kuma kurame nawa ne a ƙauyukan nan da ba su taɓa shiga aji ba? Su rubutun bai tsinana musu komai ba.

Na ji ana ƙera na'urorin da ke kallon hannu ta kyamara su fassara. To, hannun wa? Alamun da ake koyarwa a makarantun kurame tushensu na Amurka ne, tun zamanin Andrew Foster, kurman nan baƙar fata da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Tamu maganar hannun ta Hausa daban take, ta girme su nesa ba kusa ba, a kasuwa da majalisa ake gadonta. Kuma ba yatsu kaɗai ba ne. Ɗaga gira ma magana ce, haka kumbura kumatu da karkata kai. Na'urar da ba a nuna mata waɗannan daga jikin kuramenmu ba, ina za ta san su?

Shi ya sa nake roƙonka, tunda kana neman abin da za ka yi bincike a kai, ka dubi wannan. In ka zo hutu, akwai majalisar da kurame ke taruwa a Gumel da yamma. A ɗauki bidiyonsu da yardarsu, a biya su haƙƙinsu, su ne kuma za su ce wannan alamar daidai ce, wannan ba haka ake yi ba. Na yi wa Ɗanlami zancen, ya ce shi zai tara maka mutane, kuma har yanzu alamar sunanka tana nan, wato tabon nan na goshinka.

Inna na gaishe ka, ta ajiye maka kuka da daddawa. Ka gaida Hajara da yara.

Ni ne naka,
Sani