Rahoton kammala gyaran ɗakin ibada na jami'ar MIT

An sake buɗe ɗakin ibada na jami'ar MIT (Cibiyar Fasaha ta Masacusets) da ke Kambirij, jihar Masacusets a Amurka, a 2015, bayan gyaran da aka fara a 2014. Masanin zanen gine-gine Eero Saarinen ne ya zana ginin, aka ƙaddamar da shi a 1955 domin mabiya kowane addini. Kewayayye ne kamar rumbu, na jan bulo, faɗinsa ƙafa 50, tsayinsa ƙafa 30, kuma babu taga ko ɗaya a jikin bangon.

Babban ciwon kai shi ne ramin ruwan da ya zagaye ginin. Mai wucewa zai ɗauka ado ne, alhali fitilar ɗakin ce. Bangon waje na tsaye ne kan ƙananan bakuna a cikin ruwan. Rana ta bugi ruwa, hasken ya ratsa gilashin da aka shimfiɗa tsakanin bangon waje da na ciki, ya hau bulo yana rawa. Ramin kuwa ya daɗe yana yoyo. A garin da ruwa ke daskarewa da hunturu, duk ɗigon da ya shiga tsagar kankare sai ya kumbura ya ƙara buɗe ta, shekara bayan shekara. Toshe tsaga ɗaya-ɗaya ɓata kuɗi ne, don haka aka gyara kankaren, aka sabunta abin hana yoyo.

Bulon ma sai da lallashi. Da gangan aka zaɓi masu kaushi, wasu a karkace, wasu sun ƙone sun yi baƙi. Ƙa'idar cike tsakanin irin wannan bulo: a ƙwaƙule tsohon kwaɓi zurfin kamar ninki biyu na faɗin layin, a cike da kwaɓin da bai kai bulon ƙarfi ba. Idan siminti ya yi yawa, danshi ya rasa hanyar fita, fuskar bulon ce ke ɓarewa.

An sauke hasumiyar alminiyom mai ƙararrawa, aikin mai sassaƙa Theodore Roszak na 1956, an gyara ta an mayar. An kuma gyara gilasai masu launi na zauren shiga. Labulen ƙarfe na mai sassaƙa Harry Bertoia yana nan a rataye daga tagar rufi zuwa bayan bagaden farin marmara, yana watsa hasken sama.

Abin da ya rage wa masu kula: tsabtace ruwan daga ganye da gansakuka, da duba ramin bayan kowane hunturu.