Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 na Kwamitin Nazarin Makamashin Haɗewar Zarra

Assalamu alaikum, 'yan'uwa membobi.

Bana yawancin zaman nazarinmu na haɗewar zarra, wato samar da makamashi ta hanyar haɗa ƙananan zarra su zama babba, ya ƙare ne a kan haɗin gwiwar Jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin Commonwealth Fusion Systems, wanda ya fito daga cikinta a 2018, shekara biyu bayan an rufe na'urarta Alcator C-Mod saboda yankewar kuɗin gwamnati. Mun zaɓe shi don rabon aikin a fili yake: jami'a da masana da ɗakin gwaji, kamfani da jari da masana'anta.

Duk lamarin a kan maganaɗisu ya rataya. A na'urar tokamak, mai siffar zobe da ke riƙe iskar gas mai tsananin zafi da maganaɗisu, in aka ninka ƙarfin maganaɗisun sau biyu, wutar da za a samu a girma ɗaya tana iya ninkuwa sau 16, sai ƙaramar na'ura ta yi aikin babba. Ranar 5 ga Satumba 2021 MIT da kamfanin suka kai tesla 20 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) da maganaɗisu mai faifai 16, wanda aka naɗa da zirin REBCO kilomita 267 aka sanyaya shi zuwa kelbin 20, sanyi mai tsananin da zirin ke ɗaukar lantarki ba tare da turjiya ba. Ba su sa abin da ke hana lantarki tsallakawa tsakanin naɗi da naɗi ba, sai ƙarfen zirin kawai.

Inda muka fi daɗewa shi ne gwajin da ya biyo baya. Da gangan suka katse masa wuta. Idan wani sashe ya ɗumama ya fara yi wa lantarki turjiya, makamashin da ke ajiye a ciki yakan taru a wurin ya zama zafi. Kusurwa ɗaya ta narke, sauran ya tsira, kuma da wannan suka tantance lissafin kwamfutarsu kafin ƙera maganaɗisu 18 na SPARC, na'urar tokamak ta gwaji ta kamfanin, a garin Devens na Amurka. Sun buga sakamakon a Maris 2024, har da ɓarnar. A ganinmu nan ne jami'a ta fi amfani, domin kamfani shi kaɗai ba kasafai yake bayyana inda ya ƙone ba.

A laccocin ɗalibai mun gyara kuskure biyu. Na'urar nukiliya ta NIRR-1 da ke Zariya fasa zarra take yi, ba haɗa ta ba. Sannan nasarar cibiyar gwajin leza ta Amurka, NIF, ta Disamba 2022, megajul 3.15 daga hasken leza na 2.05, ba ta haɗa da kusan megajul 300 da aka ja daga layin wuta ba.

Tashar lantarki ta ARC mai megawat 400 da kamfanin zai gina a jihar Bajiniya ta Amurka, wadda Google ya yi yarjejeniyar sayen 200 daga cikinta, har yanzu alkawari ce. Tiritiyam, nau'in haidurojin da ake haɗawa a tashar, shi ne ƙashin bayan matsalar: rabinsa na lalacewa duk shekara 12.3, dole tashar ta samar da nata daga litiyam. Shi za mu sa gaba baɗi.

Ƙamus ɗin kalmomin fannin bai kammalu ba. Masu gyara su miƙa wa sakatare kafin zama na gaba.