Amsa ga ɗalibar da ta tambaye ni batun auren ɓeraye

'Yata,

Ranar taron ɗalibai kin miƙe a gaban jama'a kin ce, "Malam, wai da gaske mutum zai ƙarar da ƙuruciyarsa yana leƙen soyayyar ɓeraye, har a kira shi farfesa?" Aka kwashe da dariya, lokaci ya ƙure ban ba ki amsa ba.

Da gaske ne, kuma ba kaina farau ba. A shekarun 1970 Lowell Getz na Jami'ar Illinois a Amurka yana ɗana wa wasu ɓerayen daji tarko don ya ƙirga su, sai ya lura namijin da macen da ya kama tare jiya, su ne dai yau. Yawancin dabbobi masu shayarwa ba su san wannan zaman ba, namiji ya yi barbara ya kama gabansa. Abokiyar aikinsa Sue Carter ce ta kai ɓerayen ɗakin gwaji.

Aikin ba shi da armashi. Keji ne mai ɗaki uku: a ɗaure mijin a wannan gefe, baƙo a wancan, a saki matar a tsakiya har awa 3. Ke kuma ki zauna cikin zarnin fitsari kina ƙirga mintunan da ta yi kwance a jikin kowanne.

Da wannan ƙirgen aka gano oksitosin na da hannu a ciki, sinadarin nan da ake yi wa mai haihuwa allurarsa don tsayar da jini. A 2004 ɗakin gwajin Larry Young a Jami'ar Emory ya ɗauki namijin wani jinsin da ba ya zama da mace ɗaya, aka ƙara masa makamar basofiresin a ƙwaƙwalwa, wato wurin da wannan sinadari ɗan'uwan oksitosin ke kamawa ya yi aiki, sai ga shi ya liƙe wa guda. Jaridu suka yi ta kururuwar an gano sinadarin soyayya. Ni ma, ba na ɓoye miki, haka na koyar ina bugun ƙirji.

Kwatsam a 2023 masu bincike a Kalifoniya suka samar da ɓerayen da ba su da makamar oksitosin ko ɗaya. Suka zaɓi abokan zama, suka haihu, suka yi reno, ko da yake nonon ya yi ƙaranci. Washegarin da na karanta, na shiga aji da tsohuwar takardar darasina na soke rabin shafi a gaban ɗalibai.

Rahoton yana kan teburina. Ki zo ki karɓa, in kin gama ki faɗa mini abin da kike ganin ya riƙe auren nasu.

Malaminki