Tarihin Kamala Harris da kuka kawo: kun yi tuya kun manta da albasa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na saurari shirinku na rediyo na daren Laraba daga farko har ƙarshe, kuma wallahi raina ya ɓaci. Kun bi tarihin Kamala Harris, tsohuwar mataimakiyar shugaban Amurka, tiryan-tiryan: haihuwarta a Oakland a 1964, uwa 'yar Indiya, uba ɗan Jamaika, fara aikin gabatar da ƙara a gundumar Alameda a 1990, zamanta babbar mai gabatar da ƙara ta birnin San Francisco a 2004, da yadda ta sha da ƙyar a hannun abokin takararta Steve Cooley a zaɓen 2010 ta zama Antoni Janar ta jihar Kalifoniya. Kun daɗe a kan dambarwarta da manyan bankunan nan biyar da suka riƙa ƙwace gidajen mutane, yadda ta tashi daga teburin sulhu a 2011 ta ce kuɗin da aka yanka wa jiharta sun yi kaɗan, daga baya aka ƙara. Ban musa ko ɗaya ba, ta yi ƙoƙari a nan.

Amma da aka zo kan dokar fashin makaranta sai baƙonku ya wanke ta tas a cikin jimla biyu, har da cewa wai mu ma ya kamata mu kwaikwaya. Mai gabatarwa kuma sai "haka ne, haka ne" yake yi. Haba Malam!

Ita ce fa ta tsaya kai da fata aka yi dokar nan a 2010, Gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa hannu, ta fara aiki a Janairun 2011. A lokacin, yaro daga ajin reno zuwa aji 8, idan ya rasa kashi 10 cikin 100 na ranakun makaranta ba da uzurin da hukuma ta karɓa ba, iyayensa na iya shan tarar da ta kai dala 2,000, ko ɗaurin da ya kai shekara guda. Hujjarta ita ce yawancin matasan da ake kashewa a San Francisco waɗanda suka bar makaranta ne. To, na ji. Amma a 2013, a gundumar Orange ta jihar Kalifoniya, 'yan sanda sun fito da wata uwa baƙar fata daga gidanta da ankwa a hannu, da kayan barci a jikinta, masu ɗaukar hoto na tsaye suna jira. Laifinta? 'Yarta tana yawan fashi. 'Yar kuwa sikila gare ta. Gaskiya ne ba Harris ce ta aika a kama ta ba, mai gabatar da ƙara na gundumar ne, sai dai da dokar da ta haifa ya yi amfani. Ita da bakinta ta ce a 2019 tana nadamar yadda aka mayar da iyaye masu laifi a wasu wurare. Mai abu ta yi nadama, ku kuna nan kuna yi mata guɗa.

Abin da ya sa na kasa barci ke nan, domin ɗana na biyu sikila gare shi. Baƙonku bai taɓa zama a bakin gadon asibiti da tsakar dare yana matsa wa yaro ƙafa ba, yaron na ihu yana cewa "Umma ƙashina zai fashe". Da hunturu ya shigo mun shiga uku: safa biyu, rigar sanyi, ruwan zafi a filas, duk da haka ciwon ya tashi. A yi ƙarin ruwa, wani lokaci ƙarin jini, a yi ta neman wanda jininsu ya zo ɗaya a cikin dangi. Ya dawo gida idanu rawaya, ko jakar makarantarsa ba ya iya ɗagawa. A makarantar da yake da, hedimasta ya taɓa tsayar da ni a gaban ofis, a gaban iyaye, yana kaɗa mini rajista, wai mu ne irin matan da ke ɗora wa yara talla. Katin asibiti na cikin jakata, bai ko yarda ya duba ba. Ka ba irin wannan mutumin doka da ɗan sanda, ka ga inda zan kwana.

Kuma da baƙon naku ya yi bincike da ya san ba sai mun kwaikwayi kowa ba. Dokar Najeriya ta ilimin bai-ɗaya ta 2004, mai hukunta iyayen da ba su tura yaro makaranta ba, tana nan: karon farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu. A rubuce take, ba a dai aiki da ita. Ni kam ba na roƙon a tashe ta daga barci tun ba a samu malamin da zai iya bambance yaron da ke gadon asibiti da wanda ke tashar mota ba.

Idan za ku sake waiwayar tarihin matar nan, ku gayyato likitan sikila ko uwa irina a zauna da ita, ba lauya kaɗai ba.

Sannan don Allah ku duba layin wayar nan da kuke bayarwa. Na yi ta kira a daren, kullum a kashe ko ana amfani da shi, amma muryoyin da ake sakawa su ne dai na kowane mako, har mun haddace gaisuwarsu. Ga tallan maganin basir da kuke yankowa a tsakiyar magana, da ƙarar da sai mutum ya rage rediyo kada yara su farka.

Taku mai saurare,
Wata uwa daga Zariya