Ina wasan Auburn da Alabama a jerin naku?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi shirinku na wasanni na ranar Asabar, wanda kuka kawo jerin wasannin ƙwallon Amurka (American football) na jami'o'i da suka ƙare da ban mamaki, ya ɓata mini rai. Mai gabatarwa ya ɗora jifar ƙarshen wasa da Doug Flutie, ɗan wasan Boston College, ya yi a 1984 a sahun farko, ya bi ta da wasan jami'o'in California (Cal) da Stanford na 1982, har ya ɗauki lokaci yana ba da labarin 'yan badujalar da suka cika fili tun ba a tashi ba. Amma ko sau ɗaya bakinsa bai furta Auburn ba. Haba Malam!

Ranar 30 ga Nuwamba 2013 ina jihar Alabama, ina karatu, ina kuma wanke-wanke a wani gidan abinci don in haɗa kuɗin haya. Aiki ya tsaya cak, kowa ya zuba wa talabijin ido, ana kallon wasan jami'ar Auburn da ta Alabama. Maki 28 da 28, agogo ya nuna lokaci ya cika. Nick Saban, kocin Alabama, ya dage sai an duba hoto, alƙalai suka mayar masa da daƙiƙa ɗaya. Ashe wuƙar da za ta yanka shi ya roƙa. Adam Griffith na Alabama ya bugo ƙwallo daga yadi 57 don ta wuce tsakanin sandunan gola, ta gaza isa. Chris Davis, ɗan wasan Auburn, na tsaye can ƙarshen fili, ya cafe ta, ya zari ƙafa ta gefen layi, yadi 109, babu wanda ya iya tare shi. Aka tashi Auburn 34, Alabama 28. Maigidanmu, dattijo mai furfura da ke son Alabama kamar ransa, ya zube kan kujera yana hawaye. Ni kuwa jikina ɓari yake yi, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Flutie ya yi abin yabo, Boston College ta doke Miami 47 da 45, ban musa ba. To amma wane kofi aka ƙwace a ranar? Amma a 2013 Alabama ce ta ɗaya a faɗin Amurka, babu wanda ya ci ta a kakar, ta ɗauki kofin zakarun jami'o'in Amurka na 2011 da na 2012, tana haramar na uku a jere. Daƙiƙa ɗaya ta rushe duka. Ku sake jerin nan, don Allah.

Sannan ku gyara layin wayarku. Sau uku ina kira a ranar, kuɗina na tafiya, babu mai ɗauka.

Naku mai sauraro kullum,
daga Birmingham, jihar Alabama, Amurka